Yadda Ake Sanin Iya Nauyin da Motar Gudu Mai Ƙofa Biyu Za Ta Iya Ɗauka

Ana saura kwana biyu ƙaramar Sallah ɗan ƙanwata ya tsaya a ƙofar gidana a Unguwar Dosa cikin Kaduna, wai ya zo sallama za su wuce Zariya shi da abokinsa. Motar tasa Mazda MX-5 ce ja, mai kujera biyu, irin wadda ake naɗe rufinta a bar kai a waje. An mora ta a Amurka kafin ta iso, amma a wurinsa amarya ce. Tun ba mu gama gaisawa ba idona ya sauka a kan tayar baya. Tsakaninta da bodi, yatsu biyu ma da ƙyar za su shiga.

"Me ka zuba a but?"

"Ba komai Kawu, shinkafar Hajiya ce buhu ɗaya. Sai ɗan galan na man gyaɗa a gaba."

"Buɗe ƙofarka mu gani."

A jikin ginshiƙin da ƙofar direba take rufuwa a kansa akwai wata 'yar takarda a manne. Wata huɗu yana shiga yana fita bai taɓa karanta ta ba. Na sa yatsa a kan layin da nake nema: kilo 154. Iyakar abin da masu motar suka yarda ta ɗauka ke nan, mutane da kaya gaba ɗaya. Shi kilo 88 ne, abokin nasa 95, shinkafa 50, man gyaɗa lita goma kusan kilo 9. Jimla 242. Sun zarce da kilo 88, kai ka ce sun goyo wani ƙaton na uku a kan but.

Sai ya ce, "Kawu, motar nan fa akwai ƙarfi. Yanzu na hau gadar Kawo, ko a jikinta."

Nan ne kuskuren yake, kuma ba shi kaɗai ke yin sa ba. Ƙarfin inji daban, ƙarfin ɗaukar kaya daban. Inji ja kawai yake yi. Masu ɗaukar nauyi su ne sifirin da shokozoba da taya, mai tsayar da nauyin kuma birki ne. Dokin folo da ake sukuwa da shi a Dandalin Murtala ya fi kowane jaki gudu da tsada, amma ba a aza masa mangala. Mu kuwa a kan Fijo 504 muka buɗe ido, wadda aka riƙa harhaɗawa a Kakuri, motar da ake cika ta da mutum bakwai da buhunan masara ta tafi tana rangaji har Birnin Gwari. Sai muka ɗauka kowace mota haka take. Motar gudu an ƙera ta ne ta zama marar nauyi, ta kwanta kusa da ƙasa, sifirinta gajere mai tauri, don ta sha kwana ba tangaɗi. Duk abin da ya sa take da daɗin tuƙi shi ne ya hana ta ɗaukar kaya.

Ga yadda za ka gane iyakar taka, ko Mustang ce, ko Camaro, ko BMW Z4, ko Marsandi mai ƙofa biyu.

Fara da takardar bakin ƙofa

Buɗe ƙofar direba ka tsuguna. Idan motar daga Amurka ko Kanada aka shigo da ita, za ka ga takardu biyu. Ta farko tana da zanen taya, kuma a samanta an rubuta yawan mutanen da motar ke ɗauka: nawa gaba, nawa baya. A ƙarƙashin wannan akwai layi guda na Turanci da ya fara da "The combined weight of occupants and cargo", ya ƙare da lamba biyu, ɗaya da kg ɗaya da lbs. Ta kg ɗin ita ce taka. Ma'anar layin ita ce, nauyin mutane da kaya idan an haɗa kada ya wuce wannan lamba. Kai direba kana ciki. Mutane da yawa suna cire kansu daga lissafi, kamar motar ba ta jin nauyin mai ita.

In lambar kg ta goge sai ta lbs ta rage, raba ta da 2.2. Fam 340 ke nan ya zama kilo 154.

Kada ka cire nauyin fetur daga wannan lambar. An riga an yi lissafinta da tanki cike.

Me ya sa lambar ta yi ƙanƙanta haka? Saboda ƙa'idar Amurka tana ƙiyasta kowane mai zama a kujera da kilo 68. Mutum biyu 136 ke nan, sai ragowar kilo 18 na 'yar jaka. Yanzu ka duba majalisarku da yamma ka ƙirga magidanta nawa ne ba su wuce kilo 68 ba. Don kwatance, Corolla da Camry da muke rainawa suna ɗaukar wajen kilo 400, wato sun ninka wannan mota mai kujera biyu fiye da sau biyu.

Takarda ta biyu tana ɗauke da wasu haruffa. GVWR shi ne iyakar nauyin motar gaba ɗayanta, ita da mai da mutane da kaya. GAWR kuma sau biyu yake zuwa, ɗaya na ƙafafun gaba ɗaya na ƙafafun baya. Ɗauki hoton takardun biyu da waya, za mu dawo kansu.

Akwai wani tarko a nan da ya shafe mu musamman. Da yawa daga motocin Amurka da ke shigowa sun taɓa yin haɗari, an gyara su a Legas ko a nan. Wani lokaci mai fenti ya bi ta kan takardar, wani lokaci kuma an canza ƙofar ɗungurungum da wadda aka samo a Panteka, ta zo da takardar wata motar daban. Saboda haka gwada lambar shasi da ke jikin takardar, mai harafi da lamba 17, da wadda ke ƙasan gilashin gaba ta wajen direba. In ba su zo ɗaya ba, wannan takarda ba ta motarka ba ce, kada ka yi aiki da ita.

In motar 'yar Turai ce, ko takardar ta ɓace

Motocin da suka fito daga Jamus ko Beljiyam, waɗanda muke cewa 'yan Kwatano, ba su da wancan layin mai sauƙi. Abin da suke da shi wani ɗan faranti ne ko baƙar takarda, a bakin ƙofa ko a cikin gidan inji, mai lambobi huɗu a jere, kowace da kg. Ta sama ita ce iyakar nauyin motar da duk abin da ke cikinta. Ta biyu ta jan tirela ce, ba ruwanka da ita, wani lokacin ma babu komai a wurin. Wadda aka sa wa 1 a gaba ta ƙafafun gaba ce, mai 2 ta ƙafafun baya.

A nan sai ka yi ragi da kanka. Nemo nauyin motar ba kowa a ciki daga littafinta, ka cire shi daga lambar sama. Misali, in lambar sama 1,800 ce, nauyin motar kuma 1,480, abin da ya rage maka 320. Sai dai ka lura, Turawan Turai sukan haɗa direba mai kilo 75 a cikin nauyin motar da suke rubutawa. In littafin ya nuna haka, to an riga an cire maka 75, abin da ka ɗara a kai kawai za ka ƙara a lissafi.

Babu littafi? Kusan kowane kamfani yana ajiye littattafan motocinsa a intanet kyauta. Nemi na shekarar motarka da irin injinta daidai, don mota ɗaya mai rufin ƙarfe da 'yar uwarta mai buɗaɗɗen sama ba nauyinsu ɗaya ba. Abin da ba zan ba ka shawara ba shi ne tambayar dillalin da ya sayar maka. Amsarsa a shirye take: "Alhaji, ko siminti ka ga dama zuba."

Cire abin da aka ƙara wa motar bayan ta bar kamfani

Wannan matakin ne aka fi tsallakewa. Lambar da ke kan takarda ta motar da ta fito daga kamfani ce, ba ta wadda ta kwana a garejin masu kayan sauti ba. Duk abin da aka ɗaura mata daga baya, daga cikin rabonka aka ci.

Buɗe but ka fito da komai ƙasa. Akwatin sifika na katako, ƙarin batir, safaya da jak da aka saya daga baya saboda wasu irin waɗannan motoci ba sa zuwa da su, galan na ruwa, akwatin sifana. Auna su ɗaya bayan ɗaya. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuma ga tukunyar gas ta CNG da mutane ke sa wa a but. Ta ƙarfe tana iya kai nauyin mutum guda, kuma zaune take a baya dare da rana. Ana buga nauyinta a wuyanta, karanta, ka ƙara da na ƙarafan da suka riƙe ta. A ganina mota mai kujera biyu ba ta da wurin wannan tukunya ko kaɗan. Wanda kuɗin mai ya dame shi, ba irin motar da ta dace da shi ke nan ba.

Abin da ya rage bayan ka cire waɗannan shi ne lambarka ta gaskiya. Rubuta ta a takarda ka jefa a aljihun gaban mota.

Auna mutane, auna kaya

Hau sikeli da kayan da za ka yi tafiya da su a jiki. Yawancin manyan kantunan magani suna da shi, kuma akwai yaran da ke yawo da shi a kasuwa. Kada ka yi aiki da nauyin da ka sani tun kana saurayi. Na fasinja kuma, in surukarka ce ko wani babba da ba a yi wa irin wannan tambaya, ƙiyasta a zuciyarka ka ƙara kilo goma, ka yi shiru da bakinka.

Yawan mutane kuwa ba ya buƙatar sikeli: ƙirga bel. Bel biyu, mutum biyu. Motoci irin Mustang da Audi TT suna da kujeru biyu ƙanana a baya, amma samun kujera huɗu ba ya nufin manya huɗu da akwatunansu sun shiga cikin lambar. Yi lissafin tukuna. Ranar kai amarya ne ake ganin abin takaici, 'yan mata uku a kujerar mutum ɗaya, wani yaro a zaune a kan murfin but ya riƙe waya yana ɗaukar bidiyo, ana ta wasan mota a Titin Ali Akilu. Karo a gudun kilomita 50 kacal daidai yake da faɗowa daga tsayin kusan mita goma, wato saman bene mai hawa uku. Yaron da aka rungume a cinya babu hannun da zai iya riƙe shi a wannan lokaci, ga kuma jakar iskar da ke fashewa daga gaba, wadda don babban mutum mai ɗaure da bel aka yi ta.

Kaya kuma, yawancin abin da muke ɗauka nauyinsa sananne ne. Buhun shinkafa 50, buhun siminti 50, babban buhun masara wajen 100. Ruwa kowace lita kilo ɗaya ce, don haka jarka mai lita 25 kilo 25 ce, ledar fiya wata mai guda ashirin kuma kilo 10. Man gyaɗa da manja sun ɗan fi ruwa sauƙi, jarkar lita 25 wajen kilo 23. Fetur lita huɗu kilo uku ne, amma jarkar fetur a cikin mota mai kujera biyu, inda but yake dab da bayanka, ni ban yarda da ita ba ko da nauyin ya ba da dama. Tukunyar gas ta girki mai kilo 12.5, wannan lambar ta gas ɗin ce kawai, in ka haɗa da ƙarfen ta kusa ninkawa. Akwatin lefe babba in an danna shi da atamfa da leshi da takalma yana haura kilo 20 cikin sauƙi.

Abin da ba ka san nauyinsa ba, kai wa mai sayar da gas na unguwarku ko 'yan gwangwan, duk suna da sikeli. Ko ka hau na gida kai kaɗai, ka sake hawa rungume da kayan, ka cire na farko daga na biyu.

Yanzu sai lissafi: lambarka ta gaskiya, cire kanka, cire fasinja. Abin da ya saura shi ne na kaya. In ya zama sifiri, babu kaya. In ya faɗa ƙasa da sifiri, kamar yadda ya faru da ɗan ƙanwata da abokinsa tun kafin shinkafa ta shigo, to kun cika motar kun yi ambaliya.

Zan faɗi gaskiya a nan, don kada a ce na cika tsoratarwa. In kun zarce da kilo goma ko ashirin za ku je cin abinci daga Malali zuwa Barnawa, motar ba za ta karye ba. Injiniyoyi sukan bar rara. Amma ba su faɗa maka yawan rarar ba, kuma sun bar ta ne wa sabuwar mota a kan lafiyayyen titi. Taka ta yi shekara goma ko fiye, shokozobarta ta gaji, ga zafin watan Maris da Afrilu, ga ramuka. Rarar nan an daɗe da cinye ta. Shi ya sa ni a doguwar tafiya nake barin kamar kashi ɗaya cikin goma na lambar ban taɓa ba.

Inda aka ɗora kayan

Kilo 40 a wuri mai kyau ya fi kilo 25 a mugun wuri sauƙi ga mota. Ƙa'idar ita ce mai nauyi ya zauna ƙasa, ya matso tsakiyar mota. A but, tura shi can ciki ya jingina da bayan kujera, kada ya tsaya a bakin murfi. Duk abin da ya zauna bayan tayoyin baya yana danne baya ne yana ɗaga gaba, kamar yara a kan lilon katako. Gaba in ya yi sauƙi sitiyari ya rage kama ƙasa, kuma sai ka zo kwana cikin gudu za ka sani.

Ka san inda injinka yake. Mustang da Camaro da MX-5 injinsu a gaba yake, but a baya. Porsche 911 injinta a can baya yake, wurin kayanta a gaba. Boxster da Cayman injinsu a tsakiya, suna da ɗan wuri gaba da baya, sai ka raba kayan biyu. A irin waɗannan, wurin da ke kusa da inji yana ɗaukar zafi, ba wurin turare ko man shafawa ba ne. Nan ne amfanin lambobin ƙafafun gaba da na baya da muka ɗauki hotonsu: kana iya zama cikin iyakar jimla amma ka zarce ta baya, in ka tara komai a wuri ɗaya. Mai son tabbatarwa sai ya je inda ake auna manyan motoci, kamar kamfanonin hatsi da na abincin kaji, ya roƙi a bar shi ya ɗora tayoyin gaba kaɗai a kan sikeli, sannan na baya. Sikelin tirela ba ya ganin 'yan kilo kaɗan, amma zai nuna maka in ka yi nisa da iyaka.

Cusa tsumma ko filo a tsakanin kaya don kada su yi ta gudu a kwana. Kada ka ajiye komai a ƙasan ƙafar direba, kwalbar ruwa guda in ta gangara ƙarƙashin birki ta isa. Kada ka tafi da but a buɗe an ɗaure da igiya irin na motocin tasha, hayaƙin salansa yana komowa ciki. Rufin yadi ko na gilashi ba a ɗora masa komai. Jan wata mota ko tirela kuma, da yawa daga cikin irin waɗannan motoci littafinsu ya hana.

Sai maganar ɗaga mota. Saboda tudun rage gudu da ya cika unguwanninmu, bakanike zai ce maka a sa mata roba a ɗaga ta. Wannan yana hana cikinta gogar ƙasa, amma ko kilo ɗaya bai ƙara wa abin da za ta iya ɗauka ba. Birkin nan dai shi ne, tayar ma ita ce.

Taya

A gefen taya akwai rubutu irin wannan: 205/45 R17 84W. Lambar nan ta kusa da ƙarshe, 84, ita ce ke faɗin nauyin da taya ɗaya za ta ɗauka. 84 kilo 500 ne, 87 kilo 545, 91 kilo 615, 94 kilo 670. Kada ka sa tayar da lambarta ta gaza wadda kamfani ya rubuta. Masu sayar da taya 'yar Beljiyam girman kawai suke dubawa, in ta shiga rim shi ke nan. Duba duka huɗun da kanka, don ba mamaki ka tarar kowace da tata lambar.

Wani zai ce, to ai taya huɗu masu 500 sun ba da kilo 2,000, motar kuwa ba ta fi 1,200 ba, ina matsalar? Matsalar ita ce nauyi ba ya zama a rabe daidai sai mota tana tsaye. In ka taka birki ya koma gaba, in ka sha kwana ya koma gefe ɗaya, in ka faɗa rami taya guda ce ke karɓar dukan. Kuma wannan 500 ɗin sai da cikakkiyar iska take ɗaukar sa.

Iskar kuma a takardar bakin ƙofa ake karanta ta. Lambar da ke jikin taya iyakar abin da tayar za ta jure ne, ba abin da motarka ke so ba. Motocin Turai sukan ba da awo biyu, na mutum ɗaya ko biyu da na cikakken lodi, galibi a bayan murfin tankin mai. In za ka cika ta, yi amfani da na biyun. A auna da safe kafin taya ta yi zafi. Ka tsaya a kan mai faci ka ga gejin da idonka, don wasu har yanzu da ƙarfe suke ƙwanƙwasa taya su ce ta yi, wasu kuma 50 suke ɗura wa kowace mota. Sayi naka gejin. Tayar da iskarta ta yi ƙasa ga kaya a kanta tana lanƙwasa tana ɗaukar zafi, ita ce ke fashewa a wajen Jaji da tsakar rana.

Duba shekarunta kuma. Bayan haruffan DOT akwai lamba huɗu a ƙarshe: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. 2321 na nufin mako na 23 a 2021. Jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, suna duba wannan a hanya. Tayoyin motar gudu sirara ne a gefe, ba su da naman da zai shanye duka, don haka shafa gefensu da hannu ka ji ko akwai ƙulu. Taya mai ƙulu ba ta tafiya ko da ba kaya.

Gwajin ƙarshe kafin a tashi

Ajiye motar a shimfiɗaɗɗen wuri ba kowa a ciki. Ɗauki tef irin na tela ka auna daga ƙasa zuwa bakin bodi a saman kowace taya, ka rubuta. Zuba kaya, kowa ya shiga ya zauna, wani ya sake aunawa. Dole ta ɗan sauka. Abin da kake nema shi ne ko baya ya sauka fiye da gaba sosai, ko gefe ɗaya ya fi ɗaya. In haka ne, sake rabon kayan.

Sannan zaga unguwa a hankali, rediyo a kashe. Hau tudun rage gudu guda. In ka ji "ƙum" daga ƙasa, sifirin ya kai ƙarshensa ke nan, babu sauran abin da zai shanye rami na gaba sai ƙarfen mota da bayanka. In ka ji ƙugi lokacin juya sitiyari, taya ce ke gogar bodi. In ka taka birki motar ta yi ta lilo kafin ta natsu, shokozoba ta mutu, kuma mota mai matacciyar shokozoba ko rabin lambar ban yarda ta ɗauka zuwa Abuja ba. Da dare kuma in masu tahowa suna ta yi maka fitila alhali ba babba ka kunna ba, bayanka ne ya zauna, fitilunka suka kalli sama. Wasu motocin Turai suna da ɗan maɓalli mai 0 zuwa 3 kusa da sitiyari don sunkuyar da su.

A kan hanya, ka tuna injin zai ruɗe ka, don shi ba zai nuna gajiya ba. Birki ne zai nuna. Kilo 242 a kan mota mai kilo 1,100 ƙarin sama da kashi ɗaya cikin biyar ne, kuma duk wannan ƙarin zafi ne da birki zai shanye a kowane taku. A gudun kilomita 100, wanda shi ne iyakar ƙananan motoci a babbar hanya mai tagwaye, kana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. Ƙara tazara tsakaninka da na gaba, fara rage gudu tun kafin kwana, a gangara kuma sauko da giya maimakon kwantawa a kan birki. Bayan tafiyar rabin awa tsaya a wuri mai jama'a ka zaga motar, ka kai bayan hannu kusa da kowace taya. In ɗaya ta fi sauran zafi sosai, akwai magana.

Ragowar kayan fa? Ba su da wahalar aikawa. Cikin gari akwai Keke Napep da a-kori-kura. Na wani gari kuma a kai tasha a ba direba, a karɓi lambar wayarsa da ta motarsa. Haka muka yi ranar nan. Muka sauke buhun da galan, yaron gidana ya kai su tashar Kawo a Keke, aka sa su a motar Zariya. Su biyun dai ba yadda zan yi da su, sun riga sun zarce da kilo 29 da jikinsu kawai, sai na sa aka fitar da akwatin sifika daga but, muka daidaita iska a wurin mai facin bakin layi, na ce kada allura ta wuce 80. Abokin ya so ya yi gardama, ɗan ƙanwata ya ce masa, "Rabu da Kawu, in ka ja maganar kai zai ce a kai tasha."

Da la'asar Hajiya ta kira ni, ta ce shinkafa ta riga su isa.